Direban Doguwar Hanya

A garejin ma'aikatar kuɗi babu mai kiransa da sunan yanka. Zagaye kowa ke ce masa, tun daga masu wankin mota har kan babban sakatare, shi kuma yana amsawa da fara'a, don a wurinsa wannan suna lambar yabo ce. Hatta matarsa, in ya tsaya yana kwana-kwana a magana, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Malam, faɗi abin da ke ranka, nan ɗaki ne ba titi ba."

Da karen mota ya fara, yana rataye a bayan wata tsohuwar gingimari wadda ba ta tashi sai an tura. Maigidansa na farko mutum ne mai saurin hannu, da ranƙwashi ya koya masa tuƙi. Amma abin da ya fi tsinta a wannan wahala shi ne sanin hanya. Babu lungun da bai sani ba a birnin, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina, ya san titin da ke cushewa in an tashi 'yan makaranta, ya san lokacin da jirgin ƙasa ke tsare mahaɗa har mutum ya yi gyangyaɗi ya farka bai wuce ba. Da ya samu aikin gwamnati, wannan sani ya sa shi ke kai manya filin jirgi in sun makara. Shekarunsa na farko ke nan, kuma in yana ba da labarinsu har yanzu fuskarsa takan saki.

Sai aka kawo wani sabon shugaba a sashen karɓar baƙi, matashi mai son kwat ko da ana zafin fasa dutse, wanda ba ya gama jimla bai dubi tsintsiyar hannunsa ba. Direbobi suka sa masa Oga Agogo. Shi ne ya fara lura cewa wanda ya san gajeriyar hanya dole ya san doguwa.

Ga yadda abin yake. Ƙasar da ke maƙwabtaka da su ta ci bashin wutar lantarki. Layin wuta ya tsallaka iyaka yana haska garuruwan da ke can gefen, kuɗin kuma ya taru shekara da shekaru har ya fi ƙarfin masu biya. Sai suka riƙa aiko wakilai, wani zuwan a roƙi yafiya, wani zuwan a roƙi rangwame. To bashi hanji ne, yana cikin kowa. Su ma na nan ɗin akwai manyan da ke bin su, masu zare ido da sun ji an ambaci yafiya. Ka ce wa maƙwabci a'a, ga auratayya, ga kasuwa, ga kunyar ido. Ka ce masa to, masu binka su ce ashe kana da rarar da kake kyauta da ita. Shi ya sa aka samo hanya ta uku. A tarbi baƙi da fara'a, a sauke su a masauki mai kyau, a kafa musu 'yar tuta a gaban mota, sannan a tabbata sun iso ofis bayan Minista ya fita. Sai a haɗa su da wani mataimakin darakta mai yawan murmushi, wanda ko takardar sayen tsintsiya ba shi da ikon sa wa hannu. Da yamma rediyo ta ce an gana cikin 'yan'uwantaka, an kuma kafa kwamiti.

"Baba, gwamnati ba ta cewa a'a," in ji Oga Agogo ranar da ya fara ba shi aikin. "Mota ce kawai ke makara. Ka gane?"

Ya gane, kuma ya iya. Wani direban in aka ba shi wannan aiki sai ya yi ta tafiyar hawainiya a titi fetal har baƙo ya tsargu. Zagaye ba haka yake yi ba. Gudu yake yi sosai, yana danna ham, yana tsaki, yana duba madubi kamar wanda ransa ya fi na baƙon ɓaci, amma duk gudun nan cikin cunkoso yake kai su. Yau gidan mai mai dogon layi, gobe wurin mai faci don taya ta yi sanyi, jibi titin kasuwa daidai lokacin da masu kura ke sauke kaya. In an iso a makare har haƙuri baƙi ke ba shi.

Yakan ce wa abokan aikinsa a benci, "Ni dai ban taɓa yi wa baƙo ƙarya da bakina ba. Hanya ce ke yi." Su kwashe da dariya, wani ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Da wannan magana yake wanke kansa, kuma ta daɗe tana yi masa aiki.

A cikin wakilan da ke zuwa akwai wani dattijo siriri mai farin gemu, ba ya rabuwa da wata jakar fata da ta koɗe a kusurwoyi. Farkon zuwansu a jirgi suke sauka, su cika motoci. Daga baya tawagar ta riƙa raguwa, har ya zama Dattijo shi kaɗai ke zuwa, ta mota kuma, don ƙasarsu ta daina iya sayen tikiti. Tun ranar farko ya ƙi zama a gidan baya inda manya ke hakimcewa. Ya buɗe gaba ya zauna, ya ɗora jakarsa a cinya, ya miƙa wa Zagaye alewar tari.

"Ƙanena, wanda ya zo roƙo ba ya zama a baya," ya ce. "Ja mu je."

Doguwar hanya tana da illa guda, tana ba da lokacin hira. A cikin cunkoson da shi da kansa ya shirya, Zagaye ya san ciwon gwiwar Dattijo, ya san matarsa ta rasu, ya san cewa in ya yi ritaya garinsu zai koma ya yi kiwon zabi. Da Dattijo ya faɗi sunan garin, saura kaɗan Zagaye ya bugi mai keke.

"Ranka ya daɗe, ai 'yata a can take aure!"

'Yar tasa ta fari ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ita ta zaɓi mijinta, wani mai walda ɗan can gefen iyaka da ya zo koyon aiki a layinsu, yaro mai kunya da hannu duk tabon wuta. Lokacin bikin Zagaye ya ce shi ba zai tara mata kwanukan da za a jera a bango ana kallo ba. Ya tsuke bakin aljihu, ya daina cin abincin rana a gareji, ya saya mata firiza babba fara. Da ita take sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a ƙofar gida. In ta kira waya sai ta ce, "Baba, 'yarka ta biyu tana gaishe ka, ji yadda take gurnani," ta kara wayar a jikin firizar. Shi kuma ya yi ta dariya yana cewa a shafa masa kanta.

Wata rana ta yi ƙorafin wutar tasu tana hawa tana sauka, tana tsoron kada ta ƙona mata inji. Zagaye ya sayi sitabilaiza, 'yar na'urar nan mai hana wuta ƙona kaya, ya rasa wanda zai ba wa saƙo. Dattijo ya gan ta a but ɗin mota lokacin da ake sa masa kaya, ya tambaya, ya ji bayani.

"Kawo nan. Ai ta ƙofar gidansu zan wuce."

"Haba ranka ya daɗe, babban mutum kamarka da dakon kaya?"

"Wane babban mutum? Na zo neman a yafe mana kuɗin wuta ban samu ba, ka ga ko ba komai na koma da abin gyaran wuta. Kada a ce na dawo hannu rabbana."

Ya kai kuwa. Uwata ta kira tana ta mamaki, wai wani tsoho mai motar gwamnati ya tsaya a ƙofarta, ya sauke kwali da hannunsa, ya sha ruwan sanyi kofi guda, ya kuma matsa sai ya biya. Ranar Zagaye bai iya cin abinci da daɗi ba. Tun daga nan in ya kai Dattijo cikin cunkoso, tsakin da yake yi ya daina zama na wasa. Amma bai daina kai shi ba. Yakan ce wa ransa ai abin na manya ne, kuma barazanar yanke wuta an daɗe ana yi, ba a taɓa yankewa ba.

A lokacin ritayarsa ta matso. Garejin yana da wata al'ada: in direba ya gama aiki lafiya, motar da ya tsufa da ita akan sa ta a gwanjo, a ba shi ita a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, muddin shugaban sashe ya sa hannu. Zagaye ya gama tsara rayuwarsa a kan wannan mota. Ya san fentin da zai yi mata, ya san tashar da zai riƙa lodi, har ya yi wa matarsa alkawarin gidan gaba duk ranar da za ta unguwa. Mutumin da ya shekara talatin yana wanke motar wani, ba sai an gaya maka abin da mukullin kansa yake nufi a wurinsa ba.

Ana haka Dattijo ya sake zuwa, wannan karon ba a ma gayyace shi ba. Labari ya cika gareji cewa majalisar ministoci za ta zauna ranar a kan maganar layin wuta, kuma masu son a yanke sun fi yawa. An kuma ce Minista yana jin nauyin Dattijo, don tun yana ƙaramin jami'i suka san juna a wajen taruka, kuma in suka haɗa ido ba zai iya shiga majalisa bai kai kokensa ba. Ita kanta buƙatar ta sauka ƙasa sosai. Ba yafiya yake nema ba, ba rangwame ba, lokaci kawai, a ɗaga musu ƙafa zuwa bayan girbi.

Da sassafe Oga Agogo ya sauko gareji da kansa, abin da bai saba ba. Ya tsaya yana kallon Zagaye yana goge gilashi.

"Baba, motar nan ta sha kulawa. Takardarta tana kan teburina."

"Allah ya saka da alheri, Oga."

"Mai girma Minista zai bar ofis kafin azahar. Kada tsohon nan ya taka matakala sai ya fita. Yau ba ranar kuskure ba ce."

Zagaye ya matse tsumman da ke hannunsa. "Oga, da gaske yankewa za a yi? Ina da 'ya a can."

Oga Agogo ya dubi agogo. "Kai direba ne ko ɗan majalisa? Kowa yana da wani a can. Ni ma gwaggona a can take."

Ya sami Dattijo tsaye a ƙofar masauki tun kafin lokaci, ya sa kaya masu guga, ya rungume jakarsa. Yau babu alewa, babu hira. Zagaye ya fara da gidan mai, amma kamar da gayya babu layi. Ya tsaya wurin mai faci, yaron ya ƙwanƙwasa tayoyin duka ya ce lafiyarsu lau. Gari ya yi fayau kamar an share. Haka suka iso babbar mahaɗar da ke gaban tsohon gidan waya, inda hanya ta rabu. Dama titi ne miƙaƙƙe, in ka hau shi kafin ka gama tauna alewa ka ga ginin ma'aikata. Hagu kuwa ta kasuwa ce, daga nan mahaɗar jirgin ƙasa. Danja ta tsayar da su.

Dattijo ya yi gyaran murya, bai dube shi ba.

"Ƙanena, a garin nan na yi karatu ina saurayi. Da ƙafa nake bin titin nan na dama."

Zagaye ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a baya. Ashe duk shekarun nan tsohon ya sani. Duk tsakin nan, duk ham ɗin nan, yana zaune yana kallo, yana miƙo alewa.

"Ban taɓa yi maka magana ba," Dattijo ya ci gaba, "don na san ɗan aike kake kamar yadda nake. Ba a mugun direba. Amma yau ɗaya, don Allah, bi da ni ta dama. In na gan shi ya ce a'a, na ji da kunnena, in koma in faɗa. Ba zan ce kai ka kawo ni da wuri ba, sai in ce tasi na hau."

Zagaye ya dubi sitiyarin da tafin hannunsa ya cinye wa fata. Ya tuna Uwata da firizarta, ya tuna takardar da ke kan tebur. Ya ce wa ransa ko sun haɗu ba lallai a fasa ba, ko ba su haɗu ba ba lallai a yanke ba, amma mota kam in ya yi dama ta tafi ke nan. Danja ta ba da hannu, na baya suka fara ham.

"An rufe ta, ranka ya daɗe," ya ce. "Gyara ake yi."

Motoci na ta shiga titin a gaban idonsu. Dattijo ya bi su da kallo, sannan ya gyara zaman jakarsa.

"To. Allah ya sa a gama gyaran lafiya."

Ya karya hagu. Ranar ce ya fara yi wa baƙo ƙarya da bakinsa, kuma ko tsakin bai iya yi ba. Sun sha cunkoson kasuwa, sun sha jiran jirgin ƙasa. Suna shan kwanar ma'aikata jiniya ta tashi, masu gadi suka tsayar da su a gefe don ayarin Minista ya fita. Dattijo ya buɗe ƙofa ya sauka da gwiwarsa mai ciwo, ya ɗaga jakar sama kamar mai tsayar da motar haya. Baƙaƙen gilasai suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a tsaye kafin ya sauke hannun.

An shigar da shi wurin mataimakin darakta mai murmushi, an ba shi shayi. Da Zagaye ya mayar da shi masauki, ya sauka, ya zagayo ta tagar direba, ya laluba aljihu ya ajiye masa alewa ɗaya a kan dashbod.

"Na manta ban ba ka ta yau ba," ya ce.

Da yamma rediyo ta ce an gana cikin 'yan'uwantaka. Ba a yi sati biyu ba aka yanke layin.

Farkon abin Uwata da wasa ta ɗauka. "Baba, 'yarka ta yi fushi, ta daina magana," ta ce a waya. Bayan kwanaki ta ce ta wanke ta ta shanya, tana zuba kayan yara a ciki don ɓera ba ya iya shiga. "Ka ga ashe akwati ka saya mini mai tsada." Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Daga nan kiran ya ja baya, don cajin waya ma sai an biya mai janareto. Mijinta ya gwada walda da inji, kuɗin mai ya cinye ribar, ya rufe shago. Duk wanda ya san mai walda ya san ba wuta ba abinci.

Oga Agogo kuwa ya cika alkawari. Aka yi ɗan taro a gareji, aka sha lemo, aka yaba wa Zagaye da cewa bai taɓa saɓa umarni ba, aka miƙa masa mukulli ana tafi. Ya kawo motar gida, maƙwabta suka fito sa albarka, matarsa ta shiga gidan gaba ta zauna tana gyara mayafi. Ya yi fentin da ya ce zai yi, ya shiga tashar da ya ce zai shiga. Komai ya zo yadda ya tsara, sai dai daɗin ne bai zo ba. Alewar nan tana cikin aljihun mota, bai sha ba, bai kuma iya yarwa ba. In fasinja ya ce a kai shi wajen tsohon gidan waya sai ya ce ba can ya nufa ba. Ya daina shan ruwan sanyi.

Matarsa ta lura. "Malam, kai da ko da sanyi sai ka sa ƙanƙara?"

"Haƙori ne ke damuna."

"Wanne daga ciki? Ai ba su fi a ƙirga ba." Ta dube shi da kyau, ta ga ba ranar wasa ba ce, ta ɗauke kofin ta kawo na randa.

Sau da yawa yakan zauna a tasha yana lissafin abin a ransa. Ai majalisa ce ta yanke, ba shi ba. Ai Minista ne ya gudu, Oga ne ya ba da umarni, su kuma can su suka ci bashin. Duk gaskiya ne, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Amma duk inda ya zagaya da lissafin, a mahaɗar nan yake dawowa, danja ta ba da hannu, sitiyari a hannunsa shi kaɗai.

Da girbi ya wuce ba a maido da wuta ba, surukin ya yanke shawarar tafiya neman aiki wani gari mai nisa. Ya kira cikin kunya ya roƙi Uwata da yara su zauna a gida kafin abubuwa su daidaita. Zagaye ya ce ai gidansu ne, shi zai zo ya ɗauke su da kansa.

Ya isa garin da hantsi. Layin masu walda shiru, shagon masu niƙa a rufe, wayoyin wuta suna nan a kan turaku tsuntsaye sun jeru a kai. Uwata ta rame amma bakinta yana nan. Jikarsa ta rugo ta riƙe masa ƙafa tana cewa tsoho ya yi mota, ya ce amarya ai don ke na saya. Aka loda kaya. Da aka zo kan firiza ya ce a bar ta, ba wuri.

"Wallahi Baba ko ni a bar ni, ita sai ta tafi," in ji Uwata. "Can ai akwai wuta."

Haka aka kwantar da ita a kan rufin mota, aka ɗaure da igiya, suka kamo hanya a hankali. Yara suka yi barci a baya. Uwata na gidan gaba tana ba shi labarin gari, wanda ya tashi, wanda ya saura, wadda ta sayar da keken ɗinkinta na lantarki. Sai da suka tsallako iyaka, suka fara hango birni da la'asar, ta dafa goshi.

"Af, na manta da saƙonka. Ka tuna tsohon nan da ya kawo mini sitabilaiza?"

Zagaye ya ƙara riƙe sitiyari. "Na tuna."

"Ai sallamarsa aka yi. Wai an aike shi maganar wuta ya je a makare. Rediyo ta yi ta yi da shi, har yara suka sa masa Baba Makara, in ya wuce suna bin sa da shi. An ce da aka titsiye shi ya faɗi abin da ya tsare shi, cewa ya yi shi ne bai shirya da wuri ba. Aka ce ko direban da aka ba shi ne, ya ce a'a, direban mutumin kirki ne, a bar shi." Ta yi tsaki. "Ni dai tausayi yake ba ni. Amma Baba, mutum da girmansa, a aike ka abu irin wannan ka tsaya nawa?"

Wata babbar mota ta wuce su, firizar ta yi ƙara a sama.

"Yanzu yana garin, zabi yake kiwo. Ran nan ya biyo ta ƙofata da sandarsa, ya ce a ba shi ruwa. Na ce Baba sai dai na tulu. Ya sha, ya kuma matsa sai ya biya, kamar wancan karon. Da na ce masa za ka zo, ya ce in gaishe ka da kyau. Ya ce kuma in tambaye ka, wai ko an gama gyaran hanyar nan."

Sun shigo gari. Gidansu yana bayan ma'aikatar kuɗi, kuma tun da ya karɓi motar ta bayan gari yake zagayawa ya shiga unguwa. Yau da kaya a sama da yara a baya, ya tsinci kansa a gaban tsohon gidan waya, danja ta tsayar da shi.

"Wace hanya yake nufi, Baba?"

"Wannan," ya ce.

Danja ta ba da hannu, ya karya dama. Titin sumul, babu rami, babu ko tsakuwa, bishiyoyin gefe sun manyanta sun haɗe a sama. Kafin jikar ta gama miƙa daga barci, ga ginin ma'aikata nan a gabansu, fitilun harabar duk a kunne tun rana ba ta faɗi ba.

Uwata ta leƙa ta taga. "Kai, amma sun iya gyara, kamar ba a taɓa taɓa ta ba. Kuma ga ta kusa. In na samu caji zan sa a gaya masa an gama."

Zagaye ya sa hannu a aljihun mota ya ɗauko alewar, takardarta duk ta manne, ya miƙa wa jikarsa a baya ba tare da ya waiwaya ba. Sannan ya rage gudu sosai saboda kwanar da ke gaba, kada igiyar firizar ta kwance.